Notin Tirelar Fanke

Ƙarar guduma ce ta fito da Aukje daga kicin. Ta saba da bugun mijinta Roelf idan yana gyara a tsakar gida, amma wannan bugu ne na wanda haƙurinsa ya ƙare. Ta ajiye wuƙar fere dankali, ta zura takalmin roba, ta fita cikin yayyafi.

Tirelar fankensu, ɗan shagon suya mai taya da ake ja da mota, tana ɗage a kan jak, an cire tayar hagu an jingine ta da katanga. Roelf yana durƙushe a kan tsohon kwali, guduma a gefensa, yana kallon bakin aksil, sandar ƙarfen nan da taya ke juyawa a kai, kamar mai kallon gawa.

"Me ka aikata kuma?" in ji ta.

"Notin ne ya shiga a karkace."

"Shi kaɗai ya ɗauki kansa ya shiga?"

Ta sunkuya ta duba. Sabon boris ya saka, da ya zo mayar da babban notin da ke riƙe taya sai notin ya hau ba daidai ba. Maimakon ya kwance, ya sa dogon sufana ya danna da ƙarfi har ya cije, sannan ya bi shi da guduma. Notin dai ya fita, amma zaren bakin aksil, layukan da noti ke bi idan ana murɗawa, sun kwanta sun murje kamar an taka su da mota.

Roelf ya cusa hannunsa na dama a ƙarƙashin hammata. Aukje ta ga yadda hannun ke rawa, ta kawar da kai. Likita a Groningen ya faɗi sunan ciwon tun farkon shekara, tana zaune a wurin, amma tunda suka dawo gida ba wanda ya sake maimaita shi.

Tirelar gadon mahaifin Roelf ce. A cikinta Aukje ta shigo gidan tana amarya, a cikinta ta yi goyon 'yarsu Marrit. Da can suna bin bukukuwan ƙauyuka duk bazara. Yanzu hunturu kaɗai suke fita: daga tsakiyar Nuwamba zuwa jajibirin sabuwar shekara suna tsaye a dandalin kasuwar Winschoten, suna soya fanke mai zabibi da mai tuffa, a barbaɗe shi da garin sukari. Ranar Asabar ake kunna fitilun dandalin, kuma wanda bai kafa a wurinsa ranar ba, akwai wasu 'yan Hoogezand masu tirela biyu da suka daɗe suna haɗiyar yawu a kan gurbin.

"Sai sabon aksil ke nan," ta ce.

"Irin wannan? Sun daina yin sa tun ina da gashi. Sai an yi odarsa daga Jamus, kafin ya iso an ci sabuwar shekara an wanke kwanuka." Ya share ruwan da ke ɗiga daga hancinsa. "Akwai abin gyaran zare. Na gani a waya, wani akwati mai arha. Amma sai mako mai zuwa za a kawo."

"To shagon Hilko na Veendam fa?"

"Je ki gwada. Ni ban ce zai samu ba."

Ya ɗauki tsohon notin ya miƙa mata don a gane girman. Ta jefa shi a aljihun kwat, da maiƙonsa da komai. Roelf ya bar tuƙi zuwa nesa, don haka ba a ma yi maganar wanda zai je ba.

Hanyar Veendam a miƙe take kamar an ja ta da igiya, gonakin dankali da aka riga aka haƙe a dama da hagu, taɓo baƙi ƙirin har inda ido ya tsaya. Aukje tana tuƙi tana jin kafaɗunta suna ja. Ba a ma fara ba, amma jikinta ya riga ya san abin da ke tafe: tashi tun duhu a kwaɓa ƙullu, tsayuwa a kan katako mai sanyi har ƙafa ta mutu, fuska a cikin tiririn mai, baya a cikin iskar da ke shigowa ta ƙofa. Warin mai a gashi wanda sabulu ba ya fitarwa sai Fabrairu. Murmushi ga kowa, har da mai zuwa ya sayi guda ɗaya ya tsaya yana ba ka labarin gwiwarsa. Shekarunta sittin da ɗoriya, kuma bara ita ta ɗauki rabin aikin Roelf ba tare da ta bari ya gane ba.

Tana wucewa ta kan gadar magudanar ruwa sai wani tunani ya faɗo mata, ya zauna daram. Idan Hilko ya ce babu, shi ke nan. Ba ita ta ce a daina ba, ba Roelf ya ce ba. Ƙarfe ne ya ce. Ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin na wanda aka sauke wa kaya, sannan kunya ta biyo baya. Ta ƙara sautin rediyo.

Shagon Hilko yana bayan tashar mai, cike da warin roba da giris. Ajinsu ɗaya da Aukje a firamare, kuma tun lokacin bakinsa bai taɓa hutawa ba. Yanzu ya yi teɓa, gwiwoyi sun ƙi, yana zaune a kan doguwar kujera a bayan kanta yana aika ido maimakon ƙafa. Ya tare ta da gaisuwar mutanen yankin.

"Moi, Aukje! Sarauniyar mai da sukari da kanta. Ina tsohon naki? Ko kin soya shi?"

"Moi. Da na soya shi da ka ji ƙauri har nan." Ta ciro notin ta dangwarar a kan kantar shagon. "Zaren aksil ya murje. Na tirela."

Hilko ya ɗauki notin ya juya shi a gaban fitila, ya yi fito. "Tabɗi! Wannan da guduma aka yi masa magana. Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ba tarihi na zo ba ka ba. Kana da abin gyara ko babu?"

"Sannu, uwar zafi." Ya sauko daga kujera da nishi, ya ja ƙafa zuwa cikin shagon. Ta ji yana ture akwatuna yana zagin wanda ya jera su, alhali shi ne. Zuciyarta tana cewa kar ya samu, kar ya samu. Sai ga shi ya fito rungume da kaya.

Ya fara buɗe wani jan akwati, ƙarafa a jere a ciki kamar kayan likita. "Wannan na masu garejin manyan motoci ne. Kowane girma akwai. Kusan yuro ɗari uku."

"Rufe shi. Aksil ɗaya gare ni, ba rundunar soja ba."

"Na san za ki faɗa, nuna miki na yi don ki ga sauran da arha." Ya ture shi gefe, ya ɗauko wani ƙarfe siriri mai haƙora a kowane gefe. "Wannan kuma magagari ne na zare. Bai kai yuro ashirin ba. A bi layi ɗaya bayan ɗaya ana gogawa, a hankali. Yana yi, in da haƙuri."

"Roelf ya ga wani akwati a waya, wai duka saitin bai kai wannan ba."

"Na san shi. Ƙarfensa da cukun Gouda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Aksil ɗinku na zamanin da ne, ƙarfe na gaske, shi zai cinye abin gyaran. Kuma daga baki ake fara murɗa shi, daidai inda ya lalace. In ya hau a karkace ya yanka sabon zare a kan tsohon, kin tashi daga gyara kin koma jana'iza. Araha ba ta ado, Aukje."

"Kai da kake sayarwa dole ka ce haka."

"Ni da nake sayarwa da na tura miki jan akwatin." Ya ɗora abu na uku a kan kantar: wani zoben ƙarfe mai kauri da ke buɗewa gida biyu. Ya gwada shi da notin, ya gyaɗa kai. "Girmanku ne, shi kaɗai ya rage. Ana buɗe shi a ɗora a can ciki inda zaren ke da lafiya, a ɗaure, sannan a murɗo shi waje. Lafiyayyen zaren ne ke yi masa jagora, ba ya ɓata hanya. Sittin da biyar."

Aukje ta dubi magagarin, ta dubi zoben. Ta kai hannu kan magagarin.

"Wannan ma ai zai yi."

"Zai yi," in ji Hilko. Ya koma kan kujerarsa, ya daina murmushi. "Wa zai riƙe?"

"Kamar yaya wa zai riƙe?"

"Magagari hannu yake so wanda ba ya motsi. Shi na tambaya."

"Ba ruwanka da hannun mijina, Hilko."

"Haba, Aukje. Bara na tsaya a gaban tirelarku, na ga sukarin da ya zuba a ƙasa ya fi wanda ya hau fanke. Rabin Winschoten sun gani. Ba wanda ya ce uffan saboda ana son sa, shi ke nan."

Ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ta ji ba ta da ƙarfin faɗa. Akwai wani buhun abincin kare a gefen kantar, ta zauna a kai. Hilko ya tsiyaya mata kofi daga fulas ɗinsa a kofin takarda, ya turo mata. Ta sha. Kofin ya yi sanyi, ga ɗaci.

"Na gaji, Hilko," ta ce. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Marrit. "Ba irin gajiyar da barci ke maganinta ba."

"An gani a fuskarki tun daga ƙofa." Sannan ya rage murya, ko da yake ba kowa a shagon. "Ji nan. In kina so in ce babu, to babu. In mayar da zoben nan bayan akwatuna. Ko Roelf ya bugo waya, in ce na duba ko'ina ban samu ba. Ba wanda zai taɓa ji daga bakina."

Abin da ta roƙa a kan gada ke nan, ga shi an miƙo mata a faranti. Ta zauna tana juya kofin a hannu. Ta hango kanta a gida cikin Disamba, ƙafa a cikin safa mai kauri, ruwa na dukan taga ba ruwanta. Sai kuma ta hango tirelar a tsakar gida a kan jak, taya a jingine, har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Roelf zai riƙa ganinta ta tagar kicin kowace safiya, ya san aikin ƙarshe da hannunsa ya yi wa tirelar mahaifinsa shi ne ya kashe ta da guduma. Ta san mijinta. Ba zai ce komai ba, zai dai riƙa ƙanƙancewa.

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara.

"Naɗe mini zoben."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Naɗe kafin in canza."

Ya naɗe shi a tsohuwar jarida, ya haɗa mata da sabon noti da ƙaramar kwalbar man yanka ƙarfe, ya ce waɗannan kyauta ne, amma yana bin ta fanke goma masu zafi, ba na jiya ba.

"Da wannan tumbin? Likitanka zai kai ni ƙara."

Da ta iso gida azahar ta gota. Roelf ya ɗaura tamfol daga rufin tirela zuwa katanga, yana zaune a ƙarƙashi a kan bokiti. Ya bi ƙunshin jaridar da ido tun daga mota.

"Ya samu?"

"Ga shi."

Ya warware, ya juya zoben, ya buɗe shi ya rufe. "Abu mai kyau," ya ce a hankali. Ya durƙusa, ya kai ɓari biyun kan aksil. Hannun hagu ya riƙe nasa, na dama ya ƙi. Ɓarin ya ƙwanƙwasa aksil, ya suɓuce, ya faɗa cikin taɓo. Ya ɗauka ya goge a wando, ya sake gwadawa. Ya sake faɗuwa.

Aukje ta matso. Ta jawo kwalin da ƙafa, ta dafa kafaɗarsa ta durƙusa a gefensa, ta karɓi ƙarfen daga hannunsa. Ya sakar mata ba gardama, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Faɗa mini yadda ake yi."

"Can ciki. Ƙara matsawa. Ki ji ya zauna a cikin layin tukuna, kar ki ɗaure sai ya zauna. Yawwa. Zuba mai."

Ta ɗaure, ta ɗora sufana, ta fara murɗowa waje. Da fari ya tafi sumul. Da ya iso inda aka yi ɓarnar sai ya cije.

"Kar ki danna! Koma baya kaɗan. Yanzu gaba. Baya kuma. Kamar kina lallashin yaro."

"Da ka lallashe shi da safe ai da yanzu muna cin abinci."

"Murɗa dai, tsohuwa."

Haka suka yi ta yi, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ruwa yana taruwa a tamfol yana zubo mata a wuya. Yatsunta suka ƙage, gwiwoyinta suka daina jin kwalin. Roelf yana goge ɓarɓashin ƙarfe da tsumma, yana ɗiga mai. Sau biyu suka kwance suka koma farko. Dankalin da ta bari a kicin ya yi baƙi a cikin kwano, ba wanda ya tuna da shi. Can da haske ya fara raguwa, zoben ya fito ta bakin aksil ya faɗo a tafinta. Zaren ya miƙe, yana ƙyalli, in ban da wuri ɗaya da ya ɗan guntule.

Ta ɗauki sabon notin ta ɗora, ta murɗa da yatsu kawai. Ya tafi har ƙarshe ba tare da ya tsaya ba.

Ta juya tana jiran ta ga fuskarsa ta washe. Roelf yana kallon notin, kafaɗunsa a zube.

"To," ya ce. "Asabar muna kasuwa ke nan."

Yadda ya faɗa, kamar wanda aka karanta wa hukunci. Aukje ta daɗe tana kallonsa.

"Roelf. So ka yi in dawo hannu rabbana?"

Ya sosa gemu. Ya dubi katanga. "Aksil ne na zamanin babana. Na ɗauka Hilko ba zai samu girman ba."

"Shi ya sa ka ce in je in gwada."

"Ai dole a gwada."

Ta zame ta zauna a ƙasa, a cikin jiƙa, ta jingina da tayar da aka cire. Wata dariya ta taso mata, marar daɗi, ta haɗu da hawaye a hanya. "Kai wane irin mutum ne? Na tsaya a shagon can ana ce mini in bar shi, na ƙi, saboda kai. Gwiwata ta mutu a kan kwalin nan saboda kai. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Ke me ya hana ki?"

"Tirelar babanka ce! Na ce in na raba ka da ita kwanciya za ka yi."

"Ni kuma na ce ke ce ba za ki iya zaman gida ba. Kin saba da mutane, da surutu. Ki zauna da ni kaɗai, ina zubar da shayi a kan tebur?" Ya ciro hannun daga hammata, ya ɗora shi a kan gwiwa, ya bar shi yana rawa a fili. "Tun bara nake tsoron tukunyar man nan, Aukje. Kullum sai in ga na kifar miki da ita a jiki."

Ta kama hannun, da maiƙo da taɓo, ta riƙe. Bai daina rawa ba. Suka zauna haka har sanyin ƙasa ya ratsa siket ɗinta.

"Fulawa tana cikin sito," ta ce daga baya. "Da mai, da zabibi. Ba za mu cinye su mu biyu ba."

"Kuma 'yan Hoogezand ɗin nan, fankensu kamar ƙwallon roba."

"Bana kaɗai. Daga azahar zuwa magariba, ba da safe ba. Kai ba ka zuwa kusa da mai. Ka zauna a gaba ka yi ta surutu da mutane."

"Wa zai ja tirelar?"

"Wa ya gyara ta?"

Suka mayar da taya tare, ta ɗaure notin yana gaya mata inda za ta tsaya, ta zura fil ɗin da ke kulle shi. Ranar Asabar ita ta ja tirelar zuwa Winschoten, a hankali, motoci sun yi layi a bayanta suna mata oda. Hunturun ya yi tsawo kamar yadda ta zata. Wasu ranakun da kyar take hawa matakalar gida. Roelf ya rubuta a kwali cewa wannan ce shekarar ƙarshe, ya manna a gaban tirelar, mutane suka riƙa tsayawa suna yi masa magana fiye da yadda suke saye. Marrit ta ɗauki hutu daga aikinta a Zwolle ta zo makon ƙarshe, da ba don ita ba da layin jajibirin sabuwar shekara ya kayar da uwarta. A Janairu wasu mata da miji daga Emmen suka zo suka sayi tirelar, za su sayar da miya da burodi a ciki. Roelf ya shiga ɗaki lokacin da ake fitar da ita.

Asabar ɗin da ta biyo baya suka rasa abin yi da kansu. Aukje ta ce su fita ko'ina ne. Ta tuƙa su zuwa Termunten, bakin teku, suka sayi soyayyen kifi a takarda, suka ajiye mota a kan ganuwar ruwa suna ci a ciki saboda iska. Ruwa ya janye, laka ce shimfiɗe da tsuntsaye suna tsattsagarta. Roelf ya ce kifin ya sha mai da yawa, wanda ya soya bai bari man ya yi zafi ba. Aukje ta ce ba ruwanta, ba ita ta soya ba. Ba ta gama nata ba barci ya ɗauke ta, kai a jikin gilashi.

Da ta farka, ruwan ya dawo har gindin ganuwa. An lulluɓe ta da kwat ɗin Roelf, shi kuma yana zaune cikin suwaita, hancinsa ya yi ja don sanyi.

"Me ya sa ba ka tashe ni ba?"

"Ina za mu?" in ji shi.